Ramin da Na Hana Su Ƙonawa

Kwanan baya aka ɗauke ni a keke mai ƙafa uku daga Birnin Kabi zuwa gaisuwar mutuwa wajen Ambursa, na ce wa mai tuƙin ya rage gudu in ga fadama. Na gani, kuma da ban gani ba da ya fi mini. Shinkafa ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, injinan ban-ruwa suna ta ɓaɓatu ba mai jin maganar wani, amma ko tushen burugu ɗaya ban hango ba. Yaran yanzu in ka ce musu burugu sai su saki baki suna kallonka. Ciyawa ce ta ruwa, in gulbi ya cika ya malalo fadama sai ta bi shi tana tsawo, in ya janye sai ta kwanta lif, kore shar, karanta da zaƙi har mu ma mukan tsinka mu tauna. Saniyar da ta yi rani a kan burugu ba ta san yunwa ba. Da hantsi za ka ji su suna fizga, ƙurus ƙurus, ga balbelu na bin ƙafafunsu, ga makiyayi can gefe ya rataya sanda yana kiran kowace da sunanta. Da safe kuwa ƙarar nono ce ke tashe mu, in ya fara dukan gindin ƙwarya da kaifi, sannan ƙarar ta yi ta laushi har kumfa ya hau baki.

Lokacin Kabi tana ƙarƙashin Sakkwato, komai ƙanƙantarsa sai an ce daga can za a aiko. Daga can ɗin dai muka ji an datse gulbi a wani wuri da ba mu taɓa takawa ba. Ba wanda ya tambaye mu, balle ya tambayi shanu. Ruwa ya daina hawa inda ya saba, burugu ya riƙa ja da baya shekara bayan shekara, Fulani suka riƙa nausawa kudu da wuri kuma su daɗe ba su dawo ba. Al'adarmu ta manoma ita ce, in kana da saniya ka ba Bafillace ya tafi da ita rani, nono nasa, 'yan maruƙa naka. Ba wanda ke ajiye saniyar tatsa a gida ta yi bazara. Ni na ajiye, kuma ga dalili.

Ina da ƙuruciyata a lokacin, aurena ya mutu saboda ban haihu ba, na dawo gidanmu inda Yayana ke riƙe da gida tun rasuwar Baba. Ana cikin haka ƙanwata da ke aure a Argungu ta haihu, ta sami 'ya mace, ita uwar ba ta ga arba'in ba Allah ya karɓi abinsa. Na je zaman makoki aka miƙo mini jaririyar in riƙe, ban sake iya ajiye ta ba. Dangin uban suna da wata mai shayarwa can bakin iyaka, suka ce ita za a kai wa. Na san in ta tafi can ta tafi ke nan, sai dai in ji labarin bikinta. Na durƙusa gaban kakarta, uwar mijin ƙanwata, tsohuwa ce mai ƙarancin magana da ido mai kaifi, na ce ina da saniya, Gudale, wadda na gada wajen Innarmu, kuma ba ta daɗe da haihuwa ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Tahi da ita. Amma ran da nonon saniyag ga ya ƙahe, ni da kaina zan zo in ɗauki ɗiyata. Ba ni barin ta mutu don ki ji daɗi." Na ce na yarda. Me zan ce?

Da kaka komai lafiya. Ina tatsa, in dafa, in sirka da ruwa, in ba yarinya da ɗan ludayi, tana sha tana lumshe ido. Da Fulani suka zo tafiya Yaya ya ce a kwance Gudale ta bi su, na ce ko da wasa. Ya ce, "Ke, mi za ki ba ta in rani ya yi?" Na nuna masa fadama na ce ga karan shinkafa nan tuli tuli ana ƙonawa. Ya yi tsaki ya wuce. Gaskiyarsa ce, sai daga baya na gane. 'Yar harawar waken da nake da ita ta ƙare tun sanyi bai wuce ba, na koma ɗauko karan shinkafa a ka, dami bayan dami. Gudale tana ci, ba ta ƙi ba, cikinta ya yi tim kamar randa. Matan gida suna cewa ai ga ta nan a ƙoshe. Amma Innarmu takan ce kada in duba cikin saniya, in duba kashinta. Na duba. Karan yana fita kusan yadda ya shiga, tsinke tsinke, busasshe. Haƙarƙarinta suka fito, gashinta ya tashi, nonon da ke cika ƙwarya ya koma rabi, ya koma abin da bai rufe gindinta ba, kuma a cikin wannan ɗan abin ɗan maraƙi ma yana da haƙƙi. Yarinya ta fara kukan da ba na rigima ba. Wallahi na ji tsoro.

A wannan ranin ne wani malamin gona ya zo garinmu a kan babur, saurayi siriri daga kudancin jiha, Hausarsa tana ɗan karkacewa. Ya tara maza a gindin tsamiya, mu mata muna ji ta bayan danga. Ya ce karan shinkafa yana da tauri ne, cikin saniya ba ya iya narkar da shi, amma in aka jiƙa shi da ruwan farin takin zamani, wanda ake ce wa yuriya, aka rufe ruf iska ba ta shiga, zai yi laushi ya zama abinci na gaske. Maza suka kwashe da dariya. Wani ya ce to sai a shuka saniyar ma a fadama. Ya haɗa kayansa jiki a sanyaye, ni kuwa na saɓa yarinya a baya na bi ta bayan gari na tare shi a hanya. A zamanin nan mace ta tsayar da baƙo ba komai ba ne, ga su nan suna hawa bayan babur ɗin kowa. A wancan lokacin kuwa bazawara ta tsaya da baƙon namiji a fili, kafin ta dawo gida an gama da ita a bakin rijiya. Ban damu ba. Na ce, "Malam, maganar da ka yi, gaskiya ta ko ta aikin gwamnati?" Ya yi murmushi ya ce gaskiya ce. Ya kashe babur, ya ɗauko wani gwangwanin madara, ya nuna mini iyakar takin da za a zuba a bokitin ruwa, da yawan karan da bokitin zai jiƙa. Ya maimaita mini abu biyu har na gaji da ji. Kada a buɗe sai wata ya kusa zagayowa, in an buɗe kuma a shanya a inuwa har wari ya fita. Ya ce takin da bai kwana cikin kara ba, in dabba ta ci shi haka nan, kashe ta zai yi.

Ina da ɗan fegin albasa da Yaya ya yankar mini, da rabona na taki. Na bar albasar ta yi yadda Allah ya so, na kwashe takin. Na haƙa rami a bayan ɗakina, zurfinsa ya kai ƙuguna, hannuwana duk suka yi kanta. Na farke tsofaffin buhunan taki na shimfiɗa. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta taya ni, tana yi tana mita. In na zuba kara na yayyafa ruwan, sai ta shiga ta tattake, tana cewa, "Ni dai tun da uwata ta haihe ni ban taɓa ganin an yi ma ciyawa kabari ba." Muka cika shi, muka rufe da leda, muka yaɓe da laka kamar bakin rumbu. Daga nan sai jira. Ban san jira yana da nauyi haka ba. Ina bin gindin gawo ina tsintar 'ya'yansa, ina roƙon dusa gida gida, ina jiƙa mata kanwa, don dai kada nonon ya ɗauke gaba ɗaya kafin ramin ya nuna. Yarinya kuma na fara haɗa mata da ɗan koko mai ruwa, tana sha tana tofarwa.

To, ga inda abin ya ɓaci. Sarkin noman garinmu, dattijo ne da ba wanda ya kai shi shinkafa a duk yankin, yana da wani sa da ya turke yana kiwatawa, yana ji da shi kamar ɗan fari. Shi ne ya fi kowa dariya a gindin tsamiya, amma ashe maganar ta shige shi. Mutumin da ya ga abin da farin taki ke yi wa shinkafa da idonsa, ya ga gonar da ta yi ja ta koma kore cikin 'yan kwanaki, ai ba za ka gaya masa taki ba ya sa ƙiba ba. Kuma a wajen manomin shinkafa taki watsa shi ake yi, wanda ya fi sakin hannu shi ya fi cika rumbu. Rami da jira kuwa ya ɗauke su shiriritar mata. Sai ya dama wa sansa dusa, ya ɗebi taki da hannu biyu ya watsa a kai kamar yana tsakiyar fadama, har da ƙari don albarka. San ya cinye tas. Ba a jima ba ya fara rawar jiki, ciki ya kumbura, kumfa na zuba a baki, kafin a nemo wuƙa ya faɗi ya zama mushe.

Ka ce ni na watsa masa! Kafin azahar gari ya ɗauka cewa bazawarar gidan su wane ta kawo guba, ta binne a bayan ɗaki, za ta ba saniya ta kuma ba marainiya nonon. Masu zuwa cin kasuwa suka kai maganar har Argungu. Washegari da hantsi ina wanke wa yarinya jiki sai na ji hayaniya a ƙofar gida. Sarkin noma ne da mutanensa, wani na riƙe da ragga mai wuta, mai gari na biye da su yana ba da haƙuri. Yaya ya shigo fuska a murtuke ya ce, "Ki bari su ƙone abin nan mu huta. Kin ja muna magana ta ishe mu." Na goya yarinya, na ɗaure zane tamau, na je na hau kan ramin na tsaya. 

Sarkin noma ya ce, "Sauka, ɗiyag ga, tun ina ganin mutuncin ubanki."

Na ce, "Baba, Allah ya mayar maka da alheri, na ji zafin sanka. Amma ni na ce ka watsa mishi taki? Ka zo ka tambaye ni na hana ka sani?"

"Ke kika kawo wanga bala'i garin nan!"

"A gindin tsamiya aka kawo shi, kana zaune a gaba kana dariya. An ce a jiƙa, a ruhe, a jira. Wanne ka yi a ciki?"

Ba a saba mace ta mayar wa sarkin noma magana ba. Gwaggo daga bakin madafa ta ce a'uzubillahi, amma na ga tana gyaɗa kai. Mai riƙe da wutar ya matso. Na ce masa, "Zo ka sa. Amma da ni da marainiyar Allah za ka haɗa, don ba inda za ni." Na juya wajen mai gari na ce, "Ranka shi daɗe, saniyag ga tawa ta, gadon uwata. Karan nan ni na ɗauko shi da wuyana. In ta ci ta mutu, asarata. In kuka ƙone shi, nono zai ƙahe, a zo a ɗauke mini ɗiya, kuma ba ɗayanku da zai kwana da wannan ciwon sai ni." Mai gari ya shafa gemu ya ce ba a hana mutum dukiyarsa, amma a gaban jama'a za a buɗe, a gaban jama'a saniya za ta ci, kuma yarinya ba za ta sha nonon ba sai an ga abin da ya biyo baya. Na ce na yarda, dama lokacin buɗewa ya yi.

Na sa fartanya na fasa lakar. Wani wari ya taso, irin na turken awaki da ya shekara ba shara, ya shiga hanci ya sa ido hawaye. Mutane suka ja da baya suna toshe fuska, ana cewa, "Kun ji ko! Kun ji ko!" Amma da na sa hannu na ɗebo, karan ya sauya, ya yi ja-ja kamar zuma, ya yi laushi yana lanƙwasa bai karye ba. Sarkin noma ya ce to a ba ta yanzu mu gani. Na ce a'a, sai ya sha iska. Ya ce tsoro nake ji. Na ce, "Gaggawa ai mun ga inda ta kai wani." Ban faɗi suna ba, amma har mutanensa sai da suka sunkuyar da kai. Na shimfiɗa karan a inuwar darbejiya na zauna gadinsa.

Bayan la'asar suka dawo, har sun fi na safe yawa, mata a kan danga, maza a tsaye. Na ɗebi kaɗan na yayyafa masa 'yar dusa na ajiye gaban Gudale. Ta sunsuna ta kau da kai. Wani ya ce dabba ma ta fi wasu hankali. Na dafa wuyanta ina yi mata magana a kunne yadda Innarmu ke yi, ban ma san me nake cewa ba. Ta sake sunsunawa, ta zaro harshe ta naɗe, ta fara ci. Ta cinye ta lashe ƙasa. Sai aka tsaya jiran ta faɗi. Wallahi jira suke yi, na ga haka a idanunsu, kuma har yau ban manta fuskokin ba. Can sai ta lanƙwashe ƙafafun gaba ta kwanta. Wata mata ta ƙwala ihu, "Ta hwaɗi!" Gudale ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi gyatsa, ta shiga tuƙa a natse, muƙamuƙinta na juyawa kamar ba abin da ya dame ta a duniya. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Sarkin noma ya kaɗa riga ya fita, kuma har ya bar duniya bai sake amsa gaisuwata da baki ba, sai da hannu.

Nono bai dawo rana ɗaya ba, kada wani ya yi muku ƙarya. Kashin ne ya fara sauyawa, ya haɗe ya yi santsi, ba tsinke. Sannan ta fara shan ruwa da yawa, gashinta ya kwanta, sai ƙwarya ta fara nauyi a hannuna kaɗan kaɗan. Bai kai na zamanin burugu ba, ba kuma zai kai ba, amma ya ishi yarinya ya ishi ɗan maraƙi. Ni na fara sha kwana da kwanaki kafin in ba ta. Yanzu ina ganin 'yan mata na buɗe gwangwani su auna gari su kaɗa, yaro ya sha, ba su san wace saniya ba ce, ba su san me ta ci ba. Sauƙi ne, ban ce ba sauƙi ba ne. Amma ni na san kowane tsinke da ya zama nonon da ya raya ɗiyata, kuma ba na jin kunyar yin alfahari da haka.

Tsohuwar Argungu ta iso wata safiya ba sallamar kirki. Motar kasuwa ta sauke ta a bakin titi ta tako da ƙafa, ga sabon zanen goyo na saƙi ninke a ƙarƙashin hammatarta. Da na ga zanen na san abin da ya kawo ta. Ta ƙi zama a tabarma, ta ƙi ruwa. Ta ce, "An ce kina ba saniya taki, kina ba ɗiyata nonon."

Na ce, "Inna, an hwaɗa miki rabi. Zo ki ga sauran."

Na kai ta ramin, ta ɗebi karan ta murza ta sunsuna. Na saki ɗan maraƙi ya tsotsa, na janye shi na tsuguna na tatsa a gabanta. Na dafa, na kai ƙwarya bakina zan sha ta gani, sai ta fizge. Ta ce, "Ke kina iya shan guba don ki riƙe ta. Ba ni nan." Ta shanye rabi, ta goge baki, sannan ta zauna a tabarmar da ta ƙi. Ta ce a miƙo mata yarinya. Ta kwance ta tsirara, ta duba ido, ta duba harshe, ta matsa cinyoyi, ta ɗaga ta sama tana jin nauyinta. Yarinya ta kama mata ɗankwali ta ja. Haka ta wuni a gidanmu tana sauraron cikinta ko nonon zai yi mata illa, ni kuma ban iya ko tsefe kai ba, ina ta shiga da fita ba abin da nake ɗaukowa.

Da rana ta yi sanyi ta miƙe. Ta warware sabon zanen ta karkaɗe shi, na ce a raina shi ke nan, da yarinya za ta tafi. Ta ce, "Juyo." Na juya ban san dalili ba. Sai na ji ɗumin yarinya a bayana, tsohuwa ta ɗora mini ita, ta zagayo da zanen ta ɗaure mini a ƙirji da hannunta, ta ja sosai har sai da na yi nishi. Ta ce, "Naki ya tsuhwa, kak ki yada mini ita a hanya." Ta ɗauki takalmanta ta fita, ta hana kowa rakiya.

Na tsaya a tsakar gida na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ƙanwata. Da gari ya waye na ɗauki fartanya, da ɗiyata a baya cikin sabon zanenta, na haƙa rami na biyu. Wannan karon a ƙofar gida na haƙa shi, a bakin hanyar da duk mazan garin ke bi in za su masallaci.